Wasannin su wa ya kamata mai koyon ces ya zauna a kansu?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke zaune a unguwar Zango, a nan Damagaram. Ya ce shekara biyu ke nan yana buga ces, wasan da waɗanda suka yi lakkwal a ƙasar nan suka fi sani da sunan eshek, kuma ya haddace motsi goma sha biyar na farkon buɗin Najdorf, wato wani sanannen tsarin fara wasa, daga wasannin manyan gwanayen duniya. Damuwarsa ita ce, idan ya zauna da abokansa a fada, tun a motsi na biyu ko na uku suke kauce wa abin da ya haddace, sai ya rasa inda zai sa gaba, wani lokaci ma wanda bai kai shi ba ya cinye shi. Idan kuwa ya haɗu da wanda ya fi shi a intanet, kafin ya ankara an gama da shi. Yana so ya san wasannin su wa ya kamata ya riƙa nazari, da kuma ko daidai ne mutum ya riƙa canja buɗinsa gwargwadon ƙarfin abokin karawarsa.

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya, domin matsalar da ka kawo ita ce na fi gani a wurin matasan da suka ɗauki wasan nan da gaske, kuma ba ƙarancin ƙoƙari ne ke jawo ta ba. A matakin da kake, wasan da zai fi ƙara maka ilimi shi ne wanda gwani ya buga da wanda bai kai shi ba. Game da buɗi kuwa, kada ka canja shi saboda fuskar wanda ke gabanka. Abin da ya kamata ya canja shi ne irin haƙurin da za ka yi da irin kasadar da za ka ɗauka bayan an wuce buɗin. Ga hujjojina.

Ka tuna yadda kokowa take a fili lokacin gasar takobi. Idan zakaru biyu suka haɗu, sai ka ga sun daɗe suna zagaye juna, kowa ya sunkuya, wannan ya miƙa hannu wancan ya kaɗe, lokaci ya yi ta tafiya ba a ga kaye ba. Tsohon ɗan kokowa da ke zaune a gefe yana ganin dabaru goma da aka gwada aka toshe, amma yaron da ya zo koyo ba ya ganin komai, domin kowace dabara an kashe ta tun ba ta fito fili ba. Ranar da zakaran ya kama sabon shiga kuwa, a nan ne yaron zai ga yadda ake shiga ƙafa, da abin da ke samun wanda ya miƙe tsaye ya bar ƙugunsa a buɗe. Haka wasan manyan gwanayen ces yake. Mafi yawan hikimarsa tana cikin motsin da kowannensu ya hango ya ƙi yi, saboda ya san hukuncin da zai biyo baya. Kai da ba ka taɓa ganin wannan hukunci da idonka ba, sai ka haddace motsin da aka yi ba tare da sanin ramin da aka tsallake ba. Shi ya sa duk ranar da abokinka na fada ya faɗa cikin ramin, ba ka ma gane cewa ya faɗa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi aiki a kan wannan. Adriaan de Groot, wani masani ɗan ƙasar Holan wanda shi kansa ƙwararren ɗan wasa ne, ya wallafa bincikensa a 1946, inda ya nuna cewa babban gwani bai fi ɗan wasa mai matsakaicin ƙwarewa zurfafa lissafi da wani nisa mai yawa ba, sai dai tun kallon farko idonsa ke sauka a kan motsin da ya dace. A 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka ƙara gwada abin: idan aka nuna wa gwani tsarin allo daga wasa na gaske na ƴan daƙiƙu, yana iya mayar da mafi yawan ƴaƴan wasan a gidajensu, amma idan aka watsa su barkatai ba bisa ƙa'idar wasa ba, kusan duk fifikonsa a kan mai koyo sai ya ɓace. Ma'anar wannan ita ce ƙwarewa taska ce ta siffofin da ido ya saba da su, kowace siffa tare da abin da ake yi idan an gan ta. Siffofin da kake buƙata yanzu su ne na kura-kuran da mutanen da kake karawa da su ke yi kowace rana, kuma waɗannan ba sa fitowa a wasan zakarun duniya.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san abin da ake nufi da bambancin ƙarfi, tun da kalmar "ya fi ni" tana da faɗi. Ma'aunin da ake amfani da shi na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziya haifaffen Hangari da ya zauna a Amurka, kuma hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓe shi a 1970. A lissafinsa, wanda ya fi ka da maki 100 ana sa ran zai kwashe kimanin kashi 64 cikin ɗari na sakamakon wasanninku, wanda ya fi ka da maki 200 kimanin kashi 76, wanda ya fi ka da maki 400 kuwa fiye da kashi 90, idan an lissafa kunnen doki a matsayin rabi. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Mai fin ka da 200 ba dodo ba ne, domin a wasa huɗu kana da rabon maki ɗaya, kuma kana iya fahimtar tunaninsa idan ya bayyana maka. Magnus Carlsen kuwa, zakaran duniya na lokacin, ya kai maki 2882 a 2014, tazarar da ke tsakaninsa da mai buga wasa a fada ta wuce maki dubu. Kuma kada ka ɗauki makin da shafin intanet ya ba ka a matsayin makin FIDE, domin Lichess, misali, yana fara wa kowane sabon shiga da 1500 kuma yana lissafi da wani tsari dabam. Amfanin lambar shi ne kwatanta mutane biyu a wuri guda.

Bari in nuna maka wasa guda a kusa, domin gani ya kori ji. Zan rubuta shi da haruffan Faransanci da kuka saba gani: R sarki, D sarauniya, T hasumiya, F giwa, C doki, dakare kuwa ba shi da harafi, sunan gidan da ya sauka kawai ake rubutawa, wato harafi da lamba kamar e4; x na nufin an ci ɗan wasa, + kashedi ne ga sarki, 0-0-0 kuwa ɓoye sarki ne ta ɓangaren sarauniya. An buga shi a Paris a 1858, a gidan wasan opera. Fari shi ne Paul Morphy, matashi ɗan Amurka da ya gagari kowa a zamaninsa, baƙi kuwa wasu manyan masu sarauta ne biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard, suna shawara da juna, kuma dukkansu masu sha'awa ne kawai.

An fara 1.e4 e5 2.Cf3 d6 3.d4 Fg4. Wannan motsi na giwa shi ne irin wanda kowane mai koyo ke so, domin yana ɗaure doki a gaban sarauniya kuma yana kama da hari. Morphy ya amsa da 4.dxe5, kuma a nan ya kamata ka tsaya ka tambayi kanka me ya hana baƙi ramawa da dakare nan take. Idan ya yi haka, fari zai ci sarauniya a d8, sarki ya rama, ɗaurin da aka yi wa doki ya warware, dokin ya ci dakaren e5 a ɓagas. Saboda haka dole baƙi ya ba da giwarsa: 4...Fxf3 5.Dxf3 dxe5. Ka dubi allon yanzu. Baƙi ya motsa giwa sau biyu kuma ta bar allo, fari kuwa sarauniyarsa ta fito ba tare da ya ɓata motsi ba. Sai 6.Fc4, mai barazanar kashe sarki a f7, baƙi ya tare da 6...Cf6, Morphy ya ja sarauniya zuwa 7.Db3, tana kallon f7 da b7 a lokaci guda. Baƙi ya ga ba zai iya kare duka biyun ba sai ya yi 7...De7, wanda ya kare f7 amma ya toshe wa giwarsa ta f8 hanya, kuma wannan giwa ba za ta sake samun fita ba har wasan ya ƙare.

Motsi na takwas shi ne wurin da nake so ka fi daɗewa. Dakaren b7 yana nan a fili, kuma da yawa daga cikin matasan da na nuna wa wannan tsari sukan ci shi ba tare da jinkiri ba. Cin nasa ba kuskure ba ne, amma baƙi zai amsa da sarauniya zuwa b4 tare da kashedi ga sarki, a yi musayar sarauniyoyi, wutar harin ta mutu, a shiga doguwar tafiya saboda dakare guda. Morphy ya bar dakaren ya fito da doki, 8.Cc3. Bayan 8...c6 9.Fg5, ka ƙidaya: fari yana da sarauniya da giwa biyu da doki a fagen fama kuma sarkinsa na iya ɓuya ta kowane gefe, baƙi kuwa dokinsa guda da ya fito an ɗaure shi, sarkinsa yana tsakiya. Da baƙi ya yi 9...b5 don korar giwa, lokacin hukunci ya yi: 10.Cxb5 cxb5 11.Fxb5+ Cbd7 12.0-0-0 Td8 13.Txd7 Txd7 14.Td1 De6 15.Fxd7+ Cxd7 16.Db8+ Cxb8 17.Td8, sarki ya mutu. A ƙarshe, ban da sarki da dakaru, hasumiya ɗaya da giwa ɗaya kaɗai suka rage wa fari, baƙi kuwa yana da sarauniya da doki da giwa da hasumiya, amma giwar f8 da hasumiyar h8 ko sau ɗaya ba su motsa ba.

Mutane sukan tuna wannan wasa saboda sadaukar da sarauniya a motsi na goma sha shida, ni kuwa ina koyar da shi saboda motsi na uku zuwa na tara. A cikin waɗannan motsi babu inda baƙi ya yi wauta bayyananna, kowane motsinsa yana da dalilin da mai koyo zai yarda da shi, amma kowanne ya bar shi a baya da taku ɗaya. An sha gaya maka ka fito da ƴaƴanka da wuri ka ɓoye sarkinka, kuma ka ji, amma sai ka ga abin da ke samun wanda bai yi ba kafin maganar ta shiga jikinka. Babban gwani na yau ba zai bar kansa cikin irin halin da baƙi ya shiga ba, saboda haka ko ka kalli wasanninsu ɗari ba za ka ga wannan darasi a fili haka ba.

Irin waɗannan wasanni suna da yawa. Akwai sauran wasannin Morphy, har da waɗanda ya buga bayan ya cire dokinsa ko hasumiyarsa tun farko don daidaita ƙarfi, kamar yadda aka saba a ƙarni na goma sha tara. Akwai wasannin baje koli da gwani ɗaya ke zagaya alluna da yawa, irin wanda José Raúl Capablanca na Kuba ya yi a Cleveland a 1922, inda ya kara da mutum 103 a lokaci guda, ya ci 102 ya yi kunnen doki da ɗaya. Wasannin Capablanca suna da wata fa'ida ta musamman, domin sau da yawa ba ya kai wani hari mai ban tsoro, yakan karɓi ɗan ƙaramin fifiko ne ya riƙe shi har ƙarshen wasa, kuma wannan ita ce hanyar da aka fi cinye mai rauni da ita a zahiri. Max Euwe ma, wanda ya riƙe kambin duniya daga 1935 zuwa 1937 kuma malamin lissafi ne, ya ga muhimmancin wannan hanya ta koyarwa har ya rubuta littattafai a kan karawar gwani da mai sha'awa. Haka nan zagayen farko na manyan gasannin da kowa ke iya shiga, da zagayen farko na gasar ƙasashe ta Olimpiyad, wuri ne da ake haɗa masu ƙarfi da marasa ƙarfi, kuma ana samun wasanninsu kyauta.

Sai dai akwai haɗari guda da dole in faɗa maka. Wanda ya cika cikinsa da tsoffin wasannin nan kaɗai yakan ɗauka cewa kowace sadaukarwa tana ci, saboda bai taɓa ganin an kare ta da kyau ba. Maganin wannan shi ne ka haɗa da wasannin waɗanda suka fi ka da maki 200 zuwa 300, ko a Lichess ko a cikin garin nan. Su ma suna kuskure, amma kuskurensu ya ɗara naka wayo da mataki ɗaya, kuma mataki na gaba shi ne abin da kake nema. Wasannin zakarun duniya kuwa ka riƙa kallonsu don jin daɗi da sanin inda ilimin ya kai, musamman idan wani ya yi musu sharhi da kalmomi, amma kada su cinye lokacin karatunka.

Yanzu mu zo ga buɗi. Najdorf buɗi ne mai daraja, an sa masa sunan Miguel Najdorf, haifaffen Folan da ya zauna a Ajantina tun 1939, kuma tsoffin zakarun duniya Bobby Fischer da Garry Kasparov sun dogara da shi. Amma ka lura ba a isa gare shi sai fari ya yarda ya bi 1.e4 c5 2.Cf3 d6 3.d4 cxd4 4.Cxd4 Cf6 5.Cc3, sannan baƙi ya yi 5...a6. Wannan ɗan motsi na a6 ba ya fito da kowa. Aikinsa shi ne hana dokuna da giwar fari sauka a b5, da share fagen e5 ko b5 daga baya. Wato baƙi yana jinkirta fito da ƴaƴansa da gangan, yana dogara da cewa ya san yadda zai kare kansa daga harin da zai zo, kuma ka ga abin da jinkiri ya jawo wa abokan karawar Morphy. Ga wanda bai gama sanin hukuncin jinkiri ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ƙari a kan haka, abokanka ba su yi alkawarin bin littafi ba. Da yawansu za su fito da giwa zuwa c4 tun motsi na biyu. Amsar wannan ba ta buƙatar hadda: dakare zuwa e6 yana toshe wa giwar hanyar f7, daga baya d5 ya kore ta, baƙi ya samu daidaito cikin sauƙi. Wanda ya san dalilin kowane motsi zai gano wannan da kansa a kan allo.

Wata yamma bayan la'asar na tsaya a wata fada da ke Birni, butar shayi tana kan gawayi, samari biyu sun sa allo a kan benci. Mai fari ya buga e4, mai baƙi ya amsa e5, sai mai fari ya jefa sarauniya zuwa h5. Mai baƙin yaro ne mai ƙwazo da ke da tarin darussan buɗi a wayarsa, kuma ya san cewa fito da sarauniya da wuri abin zargi ne, saboda haka ya tura dakare g6 don ya kore ta, yana murmushi. Sarauniyar ta ci e5 tare da kashedi, a motsi na gaba ta ɗauke hasumiyar h8. Bayan wasan na tambaye shi abin da sarauniyar ke nema lokacin da ta sauka a h5, ya ce f7. Bai ga cewa tana kallon e5 ba. Muka mayar da ƴaƴan, na sa shi ya fara kare dakaren da doki zuwa c6. Fari ya kawo giwa c4, yanzu barazanar f7 ta zama gaskiya, kuma yanzu ne lokacin g6. Sarauniya ta koma f3, doki ya fito f6 ya tare. Idan fari ya nace ya kai ta b3, dokin c6 ya tsallaka d4 ya kai mata hari, kuma ko giwa ta ci f7 da kashedi, sarki ya hau e7, sarauniya ta koma c4, dakare b5 zai raba ta da giwar, giwar ta tafi. Duk wannan bai wuce motsi takwas ba, kuma zai amfani yaron nan a wasanni da yawa fiye da shafuka ashirin na Najdorf, domin wannan shi ne abin da ake buga masa kowace yamma.

A nan ne ma'ajiyar buɗi ta Lichess ke da amfani, idan an san yadda ake karanta ta. Tana da ɓangaren gwanaye, wanda ya ƙunshi wasannin masu maki 2200 na FIDE zuwa sama, da ɓangaren wasannin jama'a, wanda kake iya tacewa da matakin ƙarfi da tsawon lokacin wasa. Ka buɗe ɓangaren jama'a a matakinka don ka san abin da za a buga maka, sannan ka duba ɓangaren gwanaye don ka san amsar da ta tsaya da ƙafarta. Kada ka zaɓi motsi don kawai yana cin wasa da yawa a ƙananan matakai, domin sau da yawa tarko ne da ke cin wanda bai sani ba, ranar da ka haɗu da wanda ya sani kuwa sai ka tashi da mummunan tsari kuma ba ka koyi komai ba. Ka kuma cire wasannin minti ɗaya daga lissafin, tun da agogo ne ke yanke hukuncinsu.

Idan ka zauna da wanda ya fi ka, zuciya za ta ba ka shawara biyu kuma dukkansu marasa kyau ne. Ta farko ita ce ka buga wani baƙon buɗi don ka fitar da shi daga abin da ya sani. Amma ka riga ka ji abin da De Groot ya gano: fifikonsa a fahimtar tsari yake, saboda haka idan kun fita daga littafi kai ne ka shiga duhu, shi yana da fitila. Ta biyu ita ce ka yi ta musayar ƴaƴa da fatan a tashi kunnen doki. Wannan ita ce hanyar da mai ƙarfi ya fi so, domin kowace musaya da ka nema da gaggawa takan bar masa ɗan ƙaramin riba, kuma a ƙarshen wasa, inda ƴaƴa suka yi kaɗan, nan ne tazarar ilimi ta fi fitowa. Ka buga buɗin da ka fi sani, ka fito da ƴaƴanka wuraren da suke da aiki, idan dama ta samu ta rikita tsarin bisa hujja ka rikita shi, tun da a cikin rikici kowa na iya kuskuren lissafi. Ko an cinye ka, an cinye ka a tsarin da za ka sake gani gobe, kuma ka samu gyara daga hannun wanda ya fi ka a daidai wurin da kake buƙata.

Da wanda bai kai ka ba kuwa, cutar ita ce gaggawa da raini. Kana so ka gama da shi a motsi goma, sai ka kai hari da ƴaƴa biyu, ya kare ko da bisa sa'a, ka tashi babu doki. Ka yi koyi da motsi na takwas na Morphy. Ka fito da kowa, ka ɓoye sarki, ka riƙe tsakiya, kuma kafin kowane motsi ka tambayi kanka abin da motsinsa na ƙarshe ke nema, duka abubuwan da yake nema, ba na farkon da idonka ya gani kaɗai ba. Kuskurensa zai zo da kansa. Idan tazarar ta yi yawa har wasan ba ya koya wa kowa komai, ku daidaita ta: ka cire dokinka na b1, ko ka ba shi minti goma kai ka ɗauki uku. Na fi son bambancin lokaci, domin yana barin buɗin yadda yake, kowa ya ci gaba da koyon tsarin gaskiya.

Abin da ya fi kowane littafi arha kuma aka fi sakaci da shi a garin nan shi ne zama bayan wasa. Mun gaji ɗabi'ar dara, inda ake share gidaje a zuba sabo nan take, ana barkwanci. A ces, minti goma da za ku yi kuna mayar da wasan tare sun fi sabbin wasanni uku. Idan ka samu wanda ya fi ka ya yarda ya zauna, ka tambaye shi a wane motsi ya fara jin cewa wasan nasa ne. Kusan kullum zai nuna maka wuri da ya riga wanda kake zato da motsi biyar ko shida, kuma tazarar da ke tsakanin wurin da ya nuna da wurin da kai ka farga ita ce ainihin abin da ya fi ka da shi. Wannan ba zai yiwu ba sai kana rubuta wasanninka, saboda haka ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowane motsi, ko da a fada ne kuma ko da za a yi maka dariya a makon farko.

Wajen nazarin wasan gwani, ka shimfiɗa allo na gaske, ka ɗauki ɓangaren wanda ya ci, ka rufe sauran motsin da takarda. Bayan motsi biyar ko shida na farko, ka riƙa rubuta motsin da kai za ka yi da dalilinsa a jimla guda kafin ka buɗe nasa. Duk inda kuka saɓa ka tsaya, kada ka wuce sai ka gano abin da ya gani. A duk inda mai raunin ya motsa, ka tambayi kanka ko kai ma da haka za ka yi, domin idan amsar i ce, ka kama kuskurenka tun kafin a hukunta ka da shi. Wasa guda a wannan hanya yakan ɗauki kusan sa'a ɗaya, kuma biyu a mako sun wadatar ga ɗalibi mai wasu darussa a gabansa. Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasan ces, ka bar shi sai ƙarshe. Kyauta ne kuma ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi, amma lamba yake ba ka ba dalili ba, kuma idan ka kunna shi kafin ka yi tunani, za ka riƙa gyaɗa kai ga motsin da ba za ka iya samowa da kanka ba. Ka yi amfani da shi don tabbatar da lissafin da ka riga ka rubuta.

Game da buɗin da za ka riƙe, shawarata ita ce ka ajiye Najdorf na shekara guda, ba don yana da aibi ba, zai jira ka. Da baƙi ka amsa e4 da e5, da fari ka buga buɗin Italiya, wato 1.e4 e5 2.Cf3 Cc6 3.Fc4, tun da a cikin waɗannan tsare-tsare ne hukuncin jinkiri ya fi fitowa da sauri, kuma su ne za ka tarar a yawancin wasannin Morphy. Idan aka buga maka Italiya kana baƙi, ka fara da 3...Fc5. Dalili shi ne bayan 3...Cf6 fari na iya tsalle 4.Cg5 ya far wa f7, kuma idan aka bi 4...d5 5.exd5 ka rama da doki, sai ya sadaukar da dokinsa a f7 ya jawo sarkinka tsakiyar allo. Gwanaye suna kauce wa wannan da 5...Ca5, su ba da dakare don samun hanzari, amma wannan yana buƙatar sani. Bayan 3...Fc5 kuwa, idan dokin ya tsallaka g5 sarauniyarka za ta ɗauke shi daga d8, tun da babu abin da ya tare mata hanya, kuma kana da lokacin fito da dokinka zuwa f6 a motsi na gaba ka ɓoye sarkinka kafin harin f7 ya samu ƙarfi.